Ƙamshin Rake a Bahar Maliya

A unguwar Nuzla ta birnin Jidda akwai Lubabatu fiye da ɗaya, amma in ka ce mai alkaki, ko Bayamanen da ke tsaron baƙalar bakin layi, wato kantin kayan masarufi, zai miƙa hannu ya nuna maka wani tsohon bene wanda matakalarsa ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Can sama take, a ɗaki biyu da ɗan filin rufin da take suya a kai. Ta haura sittin. Doguwa ce, ba ta da jiki, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono a ka.

'Yar Matamai ce, ta ƙasar Damagaram. Tana amarya, lallen ƙafarta bai gama gogewa ba, mijinta Mahadi ya taho da ita aikin hajji, da niyyar su yi shekara guda ya ɗan nemi abin komawa gida. Shekarar nan ce ta yi ta haihuwa har ta wuce arba'in. Mahadi ya yi dako, ya sayar da turare a gefen kasuwar Balad, daga baya ya samu gadin wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, ya zauna a kansa har ƙarshen ransa. Ita kuwa ta kama abin da ta taso ta ga kakarta na yi: alkaki, nakiya da dublan. Duk Bahaushen da zai aurar da 'ya a kudancin Jidda, ko haifaffen nan ne wanda Hausarsa ta koma rabi Larabci, ko wanda ya sauka jiya daga Maraɗi, sai ya hau matakalar nan yana haki, don gara ba ta cika ba in babu alkakin Hajiya Luba.

Wanda ya zauna da ita ya san mace ce mai tafiya tana zaune. Hannunta na murza kwaɓin alkama yana naɗewa ba kuskure, idonta kuwa yana can wani wuri. 'Yarta Dalal, tun tana ƙarama, in aka yi sallama sau biyu uwar ba ta amsa ba, sai ta ce wa baƙi, "Ku yi haƙuri, Inna ta fita, yanzu za ta dawo." Mahadi ne ya ƙara mata wannan hali. In ya dawo daga gadi da hantsi, ya zauna shan shayi, sai ya hau ba ta labarin jiragen da ya gani: wanda ya kawo tumaki daga Sudan, wanda ya kawo motoci jere kamar ƙwai a faranti, wanda ma'aikatansa ke shanya wanki a saman bene. Shi ya gaya mata cewa wannan ruwan na bayan gari shi ne Bahar Maliya, kuma in jirgi ya bi shi arewa ya ratsa wani siririn mashigi a ƙasar Masar, sai ya faɗa wani tekun da ake kira Bahar Rum. Sunan ya yi mata daɗi a baki. Takan maimaita shi ita kaɗai tana juya alkaki a mai.

Duk da haka, tsakaninta da tekun da bai fi tafiyar ɗan lokaci a mota daga gidanta ba, sai hange ranar sallah. Gida ma ba ta koma ba tun rasuwar iyayenta. Yau rashin takarda, gobe bikin wance ya matso, jibi ciwon Mahadi. Abin da ya zame mata jiki shi ne haɗa wa mutane kayan tafiya. Mai komawa Damagaram ko Kano zai zo ta cika masa roba da alkaki ya kai tsaraba, in ya dawo ya miƙo mata kuka da daddawa da ɗan kilishi. Ta ci tsarabar mutane har ba ta san iyaka ba. Amma a ce yau ita ce ta dawo daga wani wuri, mata suka cika mata ɗaki ana yi mata barka da zuwa, ta jawo jaka ta zuge ta fara cewa wannan na wance ne, wannan na wane, bai taɓa faruwa ba. Ba ta gaya wa kowa tana son hakan ba. Kunya ma take ji, tsohuwa da ita.

Dalal ta girma ta auri wani mai suna Abdulelah, ta samu aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a unguwar Bagdadiyya. A shekarun nan ne manyan jiragen yawon shaƙatawa suka fara zuwa Jidda lokacin sanyi, su kwashi mutane su zaga da su Bahar Maliya 'yan kwanaki su dawo. Wata Juma'a ta hau bene da mayafinta a kafaɗa, ta tarar da uwar tana tsamo alkaki daga ruwan sukari.

"Inna, ofis sun ba ni ɗaki na mutum biyu a jirgin ruwa. Abdulelah ba zai samu hutu ba. Ke za ki raka ni."

"Ni? Me zan je yi a cikin ruwa, ni ba kifi ba?"

"Ki zauna, a dafa a kawo miki. Ya'ani, sau ɗaya a rayuwa."

"Iƙamar fa, takardar zamana? Wa zai bar ni in fita in dawo?"

"Khalas, Abdulelah ya gama wannan tun jiya. Yalla, ki fara neman kayan da za ki sa."

Idon Lubabatu ya tafi can wani wuri, ludayi a hannu, ruwan sukari na ɗiga. Dalal ta san tafiyar nan, ta bar ta. Da ta dawo daga inda ta je sai ta ce, "To, amma sai na tafi da guzurina. Ban san abin da suke dafawa ba."

Labari ya zaga layi kafin magariba. Maƙwabciyarta Safia, wata Bahaushiyar Chadi da suka yi shekaru suna aron turmi da tsintsiya, ta hawo tana riƙe da gwiwa, ta zube a tabarma. "Ashe da rabon mu ci tsarabarki kafin mu mutu! To wallahi, Hajiya, kar ki dawo mana hannu rabbana. Kuma kar ki kawo mana dabino, mun ƙoshi." Suka yi dariya. Lubabatu ta riƙe maganar a ranta fiye da yadda Safia ta zata.

Ranar da suka shiga tasha, ta ɗaga kai ta dubi jirgin har ɗankwalinta ya zame. Sai ta ga kamar an ɗauki unguwa guda, an wanke ta, an yi mata farin fenti, an jingine ta a bakin ruwa. A ciki akwai tituna masu darduma, da shaguna, da bishiyoyi a tukwane, da matakala mai walƙiya kamar an zuba mata sukari. Ɗakinsu yana da ɗan baranda mai kujera biyu. Nan ta zauna da la'asar, lokacin da jirgin ya yi wani kuka mai zurfi da ta ji shi har cikin haƙarƙari, ya fara janye jikinsa daga gaɓa. Ba ta ji motsi ba. Garin ne ya riƙa ja da baya a hankali, kamar mai fita daga gaban surukai. Ta ga ƙugiyoyin ɗaga kaya na tasha, ta nemi siton Mahadi ba ta gane shi ba. Ta ga dogon ruwan nan da ke tsartuwa sama a bakin teku, wanda kullum daga cikin gari take hango shi, yau ga shi ta bayansa, rana ta rina shi ja. Ta yi ta neman Nuzla a cikin tarin fararen gidaje. Shekara arba'in da wani abu, da suya da haihuwa da makoki, duk suka taru suka koma wani ɗan layi mai hazo da za ta iya rufewa da yatsa.

Abin da ya fi ba ta mamaki a kwanakin nan shi ne alƙibla. A ɗakinta na Nuzla, tun da ta shiga take fuskantar bango guda. A nan kuwa da asuba alƙibla tana wajen baranda, da azahar ta koma wajen ƙofa, sai Dalal ta duba waya ta juya mata darduma. In ta idar da sallar asuba takan zauna da carbi ta kalli yadda ruwa ke sake kaya: baƙi, sannan toka, sannan wani shuɗi irin na sabon rini da aka tsamo daga marina. Wata safiya wasu manyan kifaye masu santsin baya suka biyo jirgin suna tsalle bibbiyu. Ta miƙe tsaye tana salati, ta rasa wanda za ta nuna wa, don Dalal na barci. Sai ta ce a hankali, "Malam, ka gani?" Ta jima ba ta kira Mahadi haka ba.

Jirgin ya tsaya a Aƙaba, ya tsaya a wani gari na Masar. Ko'ina Lubabatu ta sauka da jakarta a hammata, ta bi shaguna ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ba ta sayi komai ba. Gyalen da ta gani akwai irinsa a Balad. Turaren ma haka. 'Yan raƙuman roba da ƙananan faranta masu hoton duwatsu, me Safia za ta yi da su? Dalal ta gaji ta ce, "Inna, ki ɗauki ko mene ne, tsaraba ai niyya ce." Uwar ta girgiza kai. Ita abin da take nema, abin da za a sa a baki a yi shiru, a ce lalle Hajiya ta je wani wuri.

Ranar Alhamis jirgin bai tsaya ko'ina ba, ya juyo kudu yana hanyar gida. Lubabatu ta tashi da azumi, don Litinin da Alhamis ba sa wuce ta ko a ina take. Bayan azahar Dalal ta tafi wajen wasu ƙawaye da ta yi, ita kuwa ta fita miƙe ƙafa. Shagunan cikin jirgi ba sa buɗewa sai an yi nisa da gaɓa, ranar kuwa duk a buɗe suke. Tana wucewa ta gaban wani ƙaramin shago sai wani ƙamshi ya tare ta, ta tsaya cak.

Wata mace ce baƙa, mai matsakaicin shekaru, cikin kayan ma'aikatan jirgi, ta buɗe wani kwali tana yanka kek a faranti don masu ɗanɗanawa. Kek ɗin zagayayye ne da rami a tsakiya, launin zuma, yana sheƙi, a jiƙe har wuƙa na shiga ba ƙara. Amma Lubabatu ba shi take gani ba. Tana tsaye a fadamar babanta a bayan Matamai, tana 'yar shekara bakwai ko takwas, shekarar da wani Bazazzagi ya zo da injin matse rake wanda doki ke juyawa. Ga dokin yana zagaye idonsa a rufe da tsumma. Ga ruwan rake yana zuba kore-kore a garwa, ga manyan kasake a kan wuta, mazarƙwaila na tafasa tana kumfa, babanta na juyawa da doguwar muciya, rigarsa ɗaure a ƙugu. Can gefe an tara tukar raken da aka matse, rana ta buga ta kwana biyu, tana fitar da wani ƙamshi mai zaƙi da ɗan tsami, mai hawa kai, ƙudan zuma na yawo a kanta. Wannan ƙamshin ne. Rabonta da shi tun kafin a yi mata kitson aure, ta ma manta akwai shi a duniya.

"Bonjur, Mama," in ji matar. Da farko ta gwada Turanci ba a amsa ba, shi ne ta juya Faransanci.

Lubabatu ta yi aji uku a lakwal, makarantar boko, kafin a cire ta, sauran Faransancinta na kasuwa ne da na asibiti, ya yi tsatsa. Ta lalubo shi da ƙyar ta amsa. Fuskar matar ta washe. Ta ce sunanta Jozet, daga wani tsibiri da ake kira Moris. Ta miƙo faranti, Lubabatu ta nuna bakinta ta nuna sama, alamar azumi. Ta dai sunkuya ta shaƙa, ta lumshe ido.

"Nawa ne a shagon? Ina so da yawa. Na mutanen gida."

Jozet ta dubi hijabinta da carbin da ke naɗe a hannunta. "Mama, akwai rom a ciki fa. Kin gane? Rom."

Lubabatu ta ɗauki kwalin ta nisanta shi da ido. Akwai hoton jirgi mai filafilai da bishiyar kwakwa, a ƙasa an rubuta manyan baƙaƙe uku da ta iya haɗawa: RUM. Sai zuciyarta ta yi fari. Ashe daga can ne, daga tekun nan na bayan mashigi da Mahadi ke faɗa. Ita ba ta kai can ba, amma ga abin can ya zo ya same ta.

"Na sani," ta ce da ƙarfin gwiwa. "Rum. Maigidana ya sha ba ni labari."

Jozet ta ɗaga gira, ta yi murmushi, ta shiga jera kwalaye a manyan ledoji biyu. Lubabatu na nuna kowane kwali tana kiran mai shi a ranta: na Safia, na matar liman, na gidan Abdulelah, na Bayamanen baƙala wanda ke hawo mata da buhun alkama ba ya karɓar komai.

A ɗaki ta jera su a kan gado, ta buɗe ƙofar baranda, ta kwanta a gefensu. Ko ta cikin leda ƙamshin na fitowa kaɗan-kaɗan. Jirgin na lilo da ita a hankali, labule na tashi yana sauka. Tsakanin barci da ido biyu ta ga rake ya tsiro a kan ruwa, kore shar har iyakar gani, jirgin na ratsa shi ganye na shafar tagogi, babanta na tafe a gaba da lauje a kafaɗa bai waiwayo ba. Ba ta ji tsoro ba. Ta bi shi da ido har rana ta yi sanyi.

Dab da magariba Dalal ta shigo da faranti, dabino da miya da 'yar gurasa na buɗa-baki. Ta ga kwalaye ta yi guɗa. "Mabruk, Inna ta samu tsaraba! Mu buɗe ɗaya ki sha ruwa da shi?"

"A'a. Ba a cin tsaraba a hanya."

Dalal ta ɗauki ɗaya tana juyawa, tana karanta ƙananan rubutun baya. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta zauna a bakin gado.

"Inna, kin ci?"

"Ina azumi zan ci?"

"Alhamdu lillahi. Inna, hada fi khamr. Giya ce a ciki. Rum ɗin nan sunan giya ne, da ita ake jiƙa shi."

Aka kira salla a wayar Dalal. Lubabatu ta ɗauki dabino ɗaya ta yi bismilla ta ci, ta sha ruwa, ta tashi ta yi salla. Da ta sallame ta daɗe zaune a kan darduma, bayanta ga kwalayen. Dalal ta fara faɗa, wai za ta je ta sami shugaban shagunan, ta yaya za a ga tsohuwa da hijabi a sayar mata da wannan.

"Kar ki je. Yarinyar ta gaya mini, har sau biyu. Ni ce na ji abin da nake son ji." Ta share ido da gefen hijabi. "Ba kuɗin ba ne, Dalal. Ƙamshin gonar babana ne a ciki. Wallahi shi ne. Yaya za a yi ƙamshin gonar babana ya zama giya?"

Dalal ta kwashe kwalayen ta mayar cikin leda, ta ɗaure, ta ajiye a bakin ƙofa.

Da hantsi suka koma shagon tare. Jozet na ganin ledojin ta dafe ƙirji, ta yi ta ba da haƙuri, ta karɓa ba gardama. Dalal ta tsaya wajen na'ura ana warware cinikin, Lubabatu kuwa ta jawo Faransancinta ta tambayi abin da ya kwana yana cin ta: da me ake yin wannan abu?

"Da rake, Mama. A matse shi, a bar ruwan ya yi tsami, a dafa."

Lubabatu ta kama baki. Sai dariya ta kufce mata, irin wadda ta jima ba ta yi ba, har ta dafa kanta. "Ashe hancina bai yi ƙarya ba! Dalal, kin ji? Rake ne. Rake ne ya bi wata hanyar."

Shagon ba kowa, don haka suka tsaya hira, rabi da baki rabi da hannu. Jozet ta ce kek ɗin ba na ƙasarsu ba ne, daga wasu tsibirai na yamma jirgin ya kwaso shi, amma tsibirinsu ma rake ne daga tsauni har bakin teku. Kakarta saran rake ta yi har bayanta ya lanƙwashe. In an ƙona gona kafin sara, toka kan sauka a kan wankin da aka shanya, yara na bi suna cafewa. Tana da 'ya mace da ta bari wajen uwarta, wata da watanni sai ta waya suke ganin juna. Lubabatu ta ba ta labarin doki mai rufaffen ido da kaskon mazarƙwaila, inda kalma ta ƙare ta zagaya da yatsa a kan tebur tana kwaikwayon tafiyar dokin.

"Ku asalinku daga ina?" ta tambaya.

Jozet ta ɗaga kafaɗa. "Kakata ta ce daga babbar ƙasa aka kawo mu a jirgi. Ba wanda ya riƙe sunan garin."

Lubabatu ta ƙura mata ido, ta dubi goshinta da yadda kunnenta ya kwanta. "Kina da goshin mutanen Kance," ta ce da Hausa. Dalal ta fassara da Turanci. Jozet ta shafa goshinta, ta maimaita sunan garin a hankali, ta tambaya ko akwai nisa daga teku. Aka ce mata da nisa ƙwarai.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsu. Jozet ce, ta saci 'yan mintuna daga hutunta, riƙe da wata leda mai nauyi da aka naɗe da tsohon zane. Sukari ne baƙi-baƙi, mai danshi, yana dunƙulewa a hannu kamar ƙasar fadama. Uwarta ke ba ta duk lokacin da za ta hau jirgi, don shan shayi in kewar gida ta taso. "Wannan babu komai a ciki, Mama. Rake ne kawai da wuta." Lubabatu ta buɗe ta sa hanci. Ba ƙamshin jiya ba ne sak, babu tsamin nan mai hawa kai, amma kaskon babanta na ciki. Ta ce ba za ta raba ta da abin uwarta ba, Jozet ta ce saura wata biyu ta koma gida. Sai Lubabatu ta jawo jakarta ta fito da robar guzurin da ta taho da ita, wadda abincin jirgi ya hana ta taɓawa. Jozet ta gutsiri alkaki a tsaye a bakin ƙofa, ruwan sukari ya gangaro mata a yatsa, ta lashe, ta ce wani abu da harshen tsibirinsu wanda ba mai fassarawa. Ta rungume robar ta tafi da gudu-gudu, don lokacinta ya cika.

Ranar da suka sauka, ɗakin Nuzla ya cika kamar yadda ta sha gani a ranta. Takalma har matakala. Ta jawo jaka ta zuge, mata suka miƙa wuya, ta fito da ƙullin tsohon zane guda ɗaya ta ajiye a tsakiya.

Safia ta leƙa. "Hajiya, ƙasa kika ɗebo mana?"

"Ku dawo ranar Juma'a."

Ta ɓarza alkama, ta kwaɓa, ta rufe ta bar shi ya tashi yadda take so. Ran Juma'a da safe ta soya, ta narka sukarin Jozet da 'yar tsamiya, ta tsoma alkakin a ciki. Ya fito da duhu kamar an yi masa lalle. Ƙamshin ya sauka matakala ya fita layi, har Bayamanen baƙala ya leƙo yana tambayar bikin wa ake yi. Bayan an sauko daga masallaci mata suka taru, ta bi su ɗaya-ɗaya tana miƙawa da hannunta, tana cewa wannan naki ne, wannan ki kai wa malam. Safia ta gutsira, ta tauna, ta yi shiru. Can ta ce, "Ke, wannan a ina na san shi?" Wata tsohuwa 'yar Zariya da ba ta cika magana ba ta ce, "Mazarƙwaila," ta juya fuska wajen bango. Daga nan aka ɓarke da hirar garuruwa, kowa da fadamar da ta tuna, 'yan matan da aka haifa a Jidda na zaune suna ji suna tambayar mene ne fadama. Lubabatu ta ba su labarin kwalayen ma, ba ta rage komai ba, Safia ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa saura kaɗan matar liman ta ci tsarabar da ba za ta manta ba.

Sukarin bai wuce suya biyu ba. An yi ta zuwa ana neman irin na jirgi, ta gwada jan sukarin kanti, bai yi ba, ta daina. Da sanyi ya zagayo jirgin ya dawo Jidda, Dalal ta bi ta ofishinsu ta tambayi labarin Jozet, aka ce ta koma wani jirgin a wani tekun.

Lubabatu na nan a benenta, tana suya. Sai dai wata ranar Asabar da hantsi ta sa Dalal ta nemo mata lambar ƙanenta Bello, autansu, wanda ta bari yana rarrafe, wanda gaisuwar sallah kawai ke haɗa su. Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali, ta ce, "Bello, fadamar Baba tana nan?"

"Tana nan, Yaya. Ai yanzu haka a cikinta nake, sara muke yi."

"Injin Bazazzagin fa?"

Ya yi dariya. "Wane inji? Ni ban ma tashi na gan shi ba. Yanzu motoci ke zuwa su kwasa zuwa Damagaram."

"Raken yana da zaƙi bana?"

"Tsaya ki ji."

Ta ji ƙarar karya kara a gwiwa, ƙas. Ta ji ya ɓare da haƙori, ya gatsa, yana tsotsa yana zuƙe ruwan, can bayansa ana kiran wani da ƙarfi, ganye na kaɗawa. Ta manna wayar a kunne da hannu biyu. Dalal ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta ɗaga mata yatsa.

"Ƙara gatsawa," ta ce. "Kar ka yi sauri."